Ƙarar da Na Kai Birnin Cikin Kalwa

Akwai birni a cikin ƙwayar kalwa. Na shige shi da ƙafata, na fito da ƙafata, wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari. Ni Tasalla ce mai daddawa ta Gangaren Kalgo, shekara arba'in da 'yan kai ina wannan sana'a, kuma ba a san ni da zuƙi ba. An dai san ni da faɗa, wannan ban musa ba.

Ga yadda abin ya faro. Ina da kwando na gado, na uwata Hajjo, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, da wasu buhunan algarara guda biyu da nake rufe shi da su. Ba a taɓa sa musu sabulu ba, shanya su kawai ake yi a rana. In na dafa kalwa wuni guda, na surfe ta da toka, na wanke, na sake dafawa, sai in juye ta da ɗuminta cikin kwandon, in rufe, in kai lungu. Kwana uku, shi ke nan. Har daga ƙauyuka biyar ake zuwa sayen daddawata.

Rannan sai ga duba-gari ya faɗo gidana, wani yaro da na isa in haifi uwarsa. Ya toshe hanci, ya sa ƙafa ya zunguri kwandon uwata, ya ce, “Iya, wannan ƙazantar kike ba mutane? Ko ki ƙona shi ki sayi baho mai murfi, ko kada in ƙara ganin ki a kasuwa.”

Matan unguwa suna leƙe ta kan danga. Raina ya ɓaci. Na ce, “Kai ɗan nan, ƙonawa kake so? Tsaya ka gani, don kada ka ce tsoron ka nake ji.” Na jawo kwandon da buhunan tsakar gida, na ƙyasta ashana da hannuna. Washegari na sayo baho shuɗi na roba mai murfi, sai sheƙi yake yi.

Dahuwa ta farko ta ruɓe. Ta biyu ta ruɓe. Ta uku na buɗe, ruwa kore kwance a gindi, wari kamar ɓera ya mutu a rijiya. Aka fara cewa hannun Tasalla ya mutu. Ita kuwa maƙwabciyata Ladingo, wadda duba-gari bai shiga gidanta ba don ranar ta tafi gaisuwar mutuwa, tata daddawar sai nuna take yi, masu sayen tawa duk suka koma ƙofarta. Ran sunan jikan liman, mata cike da tsakar gida, na miƙe na nuna ta da yatsa na ce ita ta ɗaure mini hannu. Ladingo ta dube ni. Ta ajiye tuwon da ke hannunta, ta ja mayafi ta fita.

Wannan bai gyara mini daddawa ba. Uwata takan ce daddawa tana da masu ita. To, in tana da masu ita, ai akwai wanda zan kai wa ƙara. Da rana tsaka, lokacin da ko akuya ba ta yawo, na ƙulle ruɓaɓɓiyar kalwar a haɓar zanena, na saɓa taɓarya, na nufi babbar ɗorawar bayan gari. Na yi bisimilla, na maka wa gindinta taɓarya sau uku. Na ce, “Duk wanda nunar da daddawa ke hannunsa ya fito. Tasalla ce, ƙara na kawo.”

Ƙwayar kalwa ɗaya ta faɗo gabana. Ina kallon ta sai ta kai girman tulu, ta kai rumbu, ta kai dutse, har ta rufe rana. Can na ga ashe ni ce ke ƙanƙancewa, don wata tururuwa ta wuce ta kaina kamar gajimare. A jikin ƙwayar ga ƙofa, a bakin ƙofar ga wani dogo siriri kamar tsinken tsintsiya, ba kai, ba wuya, amma yana magana.

Ya ce, “Aminci gare ki, ya ke 'yar Adam. Ni ne Sarkin Ƙofa. Me ya kawo ki inda irinku ba su zuwa?”

Na ce, “Tare da kai. Mai garin nan nake nema, an cuce ni.”

Yana shirin amsawa sai tsakiyarsa ta tsuke, ya rabe biyu, kowane ɓari ya tsaya da kansa. Na yi a'uziyya na ce, “To wanne zan yi wa magana?”

Suka ce baki ɗaya, “Duk wanda kika so. Haka muke haihuwa. Kafin ki gama gaisuwa za mu zama huɗu.”

Suka ajiye mini ƙwarya biyu a rufe, kowace na fitar da wari. Suka ce, “Ba mai shiga sai wanda ya raba nuna da ruɓa.”

Ko buɗewa ban yi ba. Na ce, “Ta dama ta nuna, ta hagu ta mutu. Wannan ne gwajin? Ku tambayi hancin da ya yi shekara arba'in a bakin kwando?”

Suka ce, “Kin faɗi daidai. Ki sani duka biyun ci aka yi. Bambancinsu shi ne wa ya riga zuwa ya ci. Ki ajiye taɓaryarki. Sannan ki kiyaye, a ƙasar nan zafin zuciya wuta ne, sanyin zuciya kuma ƙanƙara. Abin da ke ƙirjinki shi ƙasa za ta ɗauka.”

Na ajiye taɓarya na shige. Ban yi nisa ba na iske kogi fari fat, ba a hango wancan gefen. Madara ce tsantsa take gudu. Ba gada, ba kwale-kwale. A bakin gaɓa ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule a jere kamar dutsen wuya, zaune cikin ludayi a kan ɗan ragowar nono. Babbarsu ta ce, “Ni ce Magajiyar Tsami. Ba a haye kogin nan sai ya tsaya. In kin san yadda ake tsayar da shi, bisimilla.”

Na yi zama da matan Fulani a kasuwa, na ga yadda suke yi. Na ɗauki ludayin na juye nonon jiya cikin kogin, na zauna. Na jira. Na ƙara jira. Kogi na ta gudunsa. Sai abin ya taso mini, na miƙe na daka tsawa, “Wai ni za a mayar sakarya? Ku yi abin da za ku yi mana!”

Ban rufe baki ba gaɓar kogin ta tafasa. Kumfa ya taso, 'yan dunƙulen nan suka taso sama birjik, ba motsi. Magajiya ta ce a hankali, “Dubu nawa kika kashe da kalma goma, ya 'yar Adam?”

Jikina ya yi sanyi. Na zauna na haɗa kai da gwiwa, tsoro ya kama ni. Nan take kogin ya yi sanyi ƙalau, waɗanda suka rage suka kwanta barci. Magajiya na hamma ta ce, “Yanzu kuma kin kwantar da mu. Ba ki da tsakiya ne?”

Na rasa yadda zan yi. Can na tuna goyo. 'Ya'ya bakwai na goya, na san ɗumin da ke tsakanin bayan uwa da cikin jariri, wanda ba ya ƙuna kuma ba ya barin sanyi ya shiga. Na rufe ido na riƙe wannan ɗumin a ƙirjina, na ƙi sakin sa. Na ji ana 'yar hayaniya kamar ta kasuwa daga nesa. Da na buɗe ido, kogin ya tsaya cak, ya zama kindirmo.

Magajiya ta ce, “Zaƙin madara muke ci, mu bar tsami. Tsamin shi ya kama kogin, kuma shi ne ganuwarmu, don rundunar Ruɓa ba ta iya taka ƙasa mai tsami. Haye, amma kada ki yi gudu.”

Na taka a hankali, ƙasa na rawa a ƙarƙashina, har na kai wancan gefen.

Daga nan na faɗa wani kwari na ƙullun masa, gabansa dutse ya tokare sama. Mutanen wurin ƙulu-ƙulu ne kamar ƙwai, ɗa yana tsiro wa uwarsa a kafaɗa, kafin ya faɗo shi ma nasa ya tsiro. Ba abin da suke yi sai ci da gyatsa. Na ce, “Kai, ba a koya muku kunya ba?”

Wani ya ce, “Ranki ya daɗe, gyatsar nan ita ce aikinmu. In ba ita, masarku da faifai ɗaya ne. Tsaya nan, kada ki motsa.”

Suka taru ƙarƙashina suka yi ta yi. Ƙullu ya kumbura, wani ƙaton kumfa ya ɗauke ni sama, ina salati, ya haye da ni kan dutsen. Ina cewa alhamdu lillahi sai ya fashe.

Na faɗo cikin ruwa kore mai yauƙi har ƙugu. Wurin ba iska. Bango shuɗi, sumul, ba ƙofa, ba taga, ruwa na ɗiga daga rufi. Warin kuwa na san shi, don shi ne ƙulle a haɓar zanena. Wasu abubuwa masu gashi da wutsiya suka kewaye ni, babbansu ya taso, jikinsa na tsiyaya.

Ya ce, “Marhabin da uwar ɗakinmu! Ni ne Sarkin Ruɓa. Shekara arba'in muna zagaya lungunki ba mu sami wurin sa ƙafa ba, don kullum masu kwando sun riga mu. Sai ga shi kin gina mana fada, kin toshe iska, kin tara mana ruwa. Ba za mu bar ki ki tafi ba. Za mu riƙe ki da girma har ki narke.”

Na duba bangon da kyau. Bahona ne. Har tsagin da ke gefen hannunsa na gani. Na yi ƙoƙarin hawa, santsi ya dawo da ni. Suka fara hawa ƙafafuna, na ji fatar tana laushi.

Wannan karon ban riƙe komai ba. Na ce, “Ni? Ni Tasalla za ku narkar? Ku da kuka cinye mini kalwa tiya goma sha biyu, kuka kore mini masu saye, kuka sa yara na toshe hanci in na wuce?” Na zazzage musu duk abin da ke cikina tun daga kan kakanninsu. Ruwan ya tafasa, suka yi ta ihu suna narkewa, bangon robar ya lanƙwashe ya ɓule. Na fice ta ɓular ina haki. Tun da nake faɗa a duniya, ran nan ne kaɗai ya yi mini rana.

A waje na tsaya har ƙirjina ya dawo ɗumin goyo, sannan na ci gaba. Sai ga birnin. Ganuwarsa saƙar kwando ce, iska na shiga tana fita kamar numfashi. Amma unguwa bayan unguwa toka ce. Sai can tsakiya na iske 'yan tsirarun dogayen nan irin Sarkin Ƙofa suna aiki. Gabansu igiyoyi ne jibge, dogaye, a cuɗe, ba a ganin ƙarshensu. Kowane dogo yana fitar da almakashi daga jikinsa ya sake shi, almakashin ya tafi shi kaɗai, ya kama igiya, ƙaras, ya saki, ya kama na gaba.

Wani tsoho cikinsu ya tare ni. Ya ce, “Ni ne Sarkin Maƙera. Waɗannan igiyoyi su ne naman kalwa. Muddin suna da tsawo, harshe ba ya jin daɗinsu, ciki kuma yana wahala da su. Mu ma bakinmu bai isa ya haɗiye su ba, shi ya sa muke aika almakasai su yanka mana. Mu ci kaɗan, ku ci saura. Ba za ki ga Sarauniya ba sai kin yanke wannan.” Ya miƙo mini igiya ɗaya da almakashi uku.

Na kama na farko na danna da ƙarfi, ya zame. Na biyu ma ya zame. Na ce, “Dakusassu kuka ba ni.”

Ya ce, “Na farko na igiyar mai ne, na biyu na igiyar gari. Kowane almakashi ƙulli ɗaya ya sani a duniya. Duba bakinsa, ki duba ƙullin.”

Na duba na ukun. Bakinsa na da wani ɗan lanƙwasa daidai da ƙullin igiyar, kamar turmi da taɓaryarsa. Ina kusantar da shi ya fizge daga hannuna ya kama da kansa. Ƙaras, ƙaras, ƙaras, kafin in ƙifta ido igiyar ta zama gutsattsari. Na duba bakinsa, ko alamar dakushewa babu. Tsohon ya ce in ɗanɗana. Na sa guntu ɗaya a harshe. Wallahi miyar uwata ce, ta kuka, ranar da aka girbe gero. Hawaye ya zubo mini ban shirya ba.

Na ce, “Su waɗannan almakasan, rai gare su?”

Ya ce, “Ba su da rai, ba su ci, ba su ƙarewa. Abin da zai yi shekara bai warware ba su warware shi a kwana uku. Amma dubi nan.” Ya nuna mini tulin wasu a gefe, duk sun murɗe sun ƙandare. “Wuta ta taɓa su. Kin taɓa ganin dafaffen ƙwai ya koma ɗanye? To haka.”

Aka kai ni fada. Sarauniyarsu, Uwar Ɗumi, tana zaune a kan guntun buhu da ya ƙone rabi, lulluɓe da farin abu irin wanda ke fitowa a kan daddawa in ta yi kyau. Ba gaisuwar da na tsaya yi sosai. Na kwance haɓar zanena na zube ruɓaɓɓiyar kalwar a gabanta.

Na ce, “Allah ya ja zamaninki. Ga abin da aka yi mini. Shekara arba'in ban ha'inci kowa ba, ban taɓa haɗa kalwata da tsakuwa ba. An wayi gari daddawata ta ƙi. Ko Ladingo ta saye ku, ko kun gudu don kanku. Kowanne ne, a biya ni hakkina, a dawo mini da hannuna.”

Ta ce, “Mun ji ƙararki, ya Tasalla 'yar Hajjo. Kin ga unguwannin da kika ratso?”

Na ce, “Na gani, toka ce.”

Ta ce, “Wannan kwandon uwarki ne. A tsakanin saƙarsa da zaren buhunan nan muka zauna tun zamanin kakarki. In kin kwashe daddawa, mu ƙudundune mu yi barci, rana ba ta kashe mu, yunwa ba ta kashe mu. In kin zuba sabuwar kalwa da ɗuminta, mu farka mu cika ta kafin Ruɓa ya ji labari. Ranar Talata aka sa wa birnin wuta.”

Na ce, “Duba-gari ne!”

Ta ce, “Shi ya ƙyasta ashanar?”

Na dubi hannuna. Ta ce, “Yaron ya ga baƙi ya ce datti, iyakar saninsa ke nan. Da ya ce ki wanke hannu, ki kore ƙuda, da mun gode masa, don ƙuda dokin Ruɓa ne. Shi bai san mu ba. Ke fa? Ke da kika ga uwarki ba ta taɓa sa wa kwandon sabulu ba, kin tambayi kanki dalili?”

Na ce, “Na zaci al'ada ce kawai. Na zaci hannuna ne ke yi.”

Ta ce, “Hannunki yana dafawa, yana surfe, yana rufewa, kuma ya iya. Ba mu taɓa samun mai kyautata mana kamarki ba. Ba ki taɓa zuba mana kalwa da sanyi ba, ba ki taɓa buɗe mu kafin lokaci ba. Shi ya sa ba mu riƙe ki da gaba ba. Amma nunarwa ba taki ba ce. Ubangijin da ya yi ki ya yi mu, ya ba ki girma, ya ba mu yawa.”

Na durƙusa. Ni da ban durƙusa wa dagaci ba. Na tuna 'ya'ya bakwai da na ciyar da wannan kwandon bayan rasuwar ubansu, da aurarrakin da na yi, da rufin ɗakin da na sake. Ashe duk shekarun nan akwai masu yi mini aiki ba dare ba rana, ba su taɓa neman komai ba sai ɗumi da duhu da iska, ni kuwa ban taɓa ce musu sannu ba, ƙarshe na banka musu wuta don in burge matan kan danga.

Na ce, “Na janye ƙarata. Ni ce da laifi. Na gode, na gode da na baya duka, Allah ya saka muku. In da sauran hanya a nuna mini, in babu, na cancanta.”

Ta ce, “Mu da kike gani nan ragowa ne, ba mu isa cika ko ludayi ba. Amma zuriyarmu na nan da yawa a wuri ɗaya. Shekarar da aka kawo Ladingo garinku amarya, ba ta san kowa ba, uwarki ta yage rabin buhunta ta ba ta, ta koya mata sana'a. Daddawar da ta janye miki masu saye, daddawar uwarki ce. Ki je ki roƙa. Ba ma bin wanda ya sato mu, ba ma bin wanda ya ƙwato mu. Sai ta ba ki da hannunta.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, ba wata hanyar? Ko kogin nan in sake hayewa?”

Ta ce, “Babu.”

Ta hura mini iska mai ɗumi a fuska. Na buɗe ido a gindin ɗorawa, taɓaryata a gefe, ana kiran la'asar.

Ban biya gida ba, don na san in na zauna zuciyata za ta sake shawara. Na yi sallama a ƙofar Ladingo. Tana tsugune tana cura daddawa. Ta ɗago ta ga taɓarya a kafaɗata, ta ce, “Au, yau kuma da makami aka zo? Bakin bai isa ba?”

Na jefar da taɓaryar. Na ce, “Ladingo, ƙarya na yi miki. Ba ki ɗaure mini hannu ba, ni na ƙona abina. Ki yafe mini.”

Ta ci gaba da curinta. Ta ce, “Yaya Tasalla, a ina kika faɗi waccan?”

Na ce, “Gidan liman.”

“Mata nawa?”

“Sun yi hamsin.”

“Wannan kuma kin kawo mini ita nan, daga ni sai kaji. Kin san surukata, matar ɗana, ta hana jikokina cin abincin hannuna? Kin san ko gaisuwa na je, sai a janye yara?”

Ban san wannan ba. Na ce, “Jibi akwai suna gidan Sarkin Noma. A can zan faɗa, a tsaye.”

Ta ce, “To jibin ma yi magana.”

Ranar sunan na bari sai da aka cika, aka fara rabon tuwo. Na miƙe na buga ƙwarya. Na ce, “Ku saurara, ku da kuka ji ni a gidan liman. Abin da na faɗa kan Ladingo ƙazafi ne. Ba ta yi mini komai ba, ni ce na ƙona kwandon uwata don girman kai. Duk wadda ta ƙara janye ɗanta daga gabanta, da ni za ta yi.” Wata ta ce, “Ikon Allah, Tasalla da ban haƙuri!” Na ce, “Ke kuma rufe mana baki, ba da ke nake ba.” Aka kwashe da dariya, har Ladingo, tana yi tana share ido da gefen mayafi.

Da yamma ta shigo gidana da tsohon kwando a kai da guntun buhu a hannu, baƙi, duk ya sha jiki. Ta ce, “Kwandon aro ne, in naki sabo ya kama ki dawo mini da shi. Buhun kuwa na Inna Hajjo ne, dama naku ne. Ni ban san me ke cikinsa ba, na dai san ran da na yi daddawa ba shi, ba ta yi ba.”

Na karɓa hannu biyu. Na ce, “Ni na sani. Zauna in ba ki labari.” Na ba ta tun daga ɗorawa. Ta ce rana ce ta buge ni. Na ce ta je ta faɗa wa Sarkin Ruɓa haka.

Na dafa kalwa tiya biyu kacal, don tsoro. Na wanke hannu har gwiwa, na kore ƙuda, na juye ta da ɗuminta, na rufa buhun, na ce, “Sannunku da zuwa, ga gida.” Bahon kuwa na ba awaki su sha ruwa. Kwana ukun nan ban ɗaga murya a gidan ba, har jikokina suka tambaya ko ba ni da lafiya. Shi kuma duba-gari ina nan ina jiran sa. Ba zan zage shi ba, zan dai zaunar da shi ya ji abin da ba a koya masa ba, kuma sai ya nemi gafarar kwandon da ya zungura da ƙafa.

Ran na uku da hantsi Ladingo ta zo ba a kira ta ba. Muka tsuguna a lungu. Na ce ta buɗe. Ta ce, “Naki ne, buɗe abinki.”

Na ɗaga buhun. Ɗumi ya bugi fuskata, warin nan mai tsinke hanci ya taso har idona ya kawo ruwa. Kalwar ta yi duhu, ta yi laushi, farin nan ya lulluɓe ta, na ɗebo sai zare ke bin yatsuna. Daga bayan danga wata ta ɗaga murya, “Wayyo hancinmu, Tasalla ta dawo!”

Ladingo ta lakata ta sa a baki. Ta daɗe tana juya harshe, ni kuwa kamar in shaƙe ta. Sannan ta ce, “Ta yi. Amma tawa ta fi.”

Na buɗe baki, na rufe. Na ce, “Taki ta fi. Miƙo turmi.”